Hannun Da Ke Cikin Faifan Tata

"Shikulu, ajiye kwanukan nan!"

Lubuto ce ta tare ni a ƙofar gidansu da ke unguwar Chamboli a Kitwe, ta baza hannuwa, ko farar rigar aikin jinya ba ta cire ba. Idanunta sun yi jawur. Shikulu take ce mini don girmamawa, wato kaka, ubanta kuwa Tata take kiransa.

"'Yata, ba ni hanya."

"Babu inda za su! Don Allah, Shikulu... Tata bai san abin da yake yi ba."

"Ya sani sarai. Da hannunsa ya miƙo mini su."

Kwanuka biyu ne farare, ɗaya kife a kan ɗaya, an ɗaure su da ƙyalle. Ni na kawo su gidan a madadin saurayinta Dalitso Jere, domin ni ya zaɓa in shiga tsakaninsa da surukai. Uban yarinya in ya kwance ƙullin ya buɗe, an karɓi yaro. In ya mayar da su a ɗaure, magana ta mutu. To ga su a hannuna, ƙullin da matata ta yi ko sassauta shi ba a yi ba.

Daga baranda muryar ubanta ta taso, yana kiran sunana.

"Mpundu! Ka gaya wa yaron nan ya je ya nemi 'yar babban makaɗi. Gidan nan babu ko ɗaya, shi ya faɗa da bakinsa."

"Tata!"

"Shige ciki, Lubuto."

"Tata, ina son shi..."

"Ni ma ina son rediyona, amma tun Asabar na kashe shi."

Lameck Kapembwa, uban nata, maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu tun Lubuto tana rarrafe. Zamanin da tagulla ke da daraja, samarin Kitwe suna jan wando mai faɗin ƙafa a ƙasa, shi ne shugaban ƙungiyar Inkuba, masu kiɗan rok. Waƙoƙinsa ba irin waɗanda ake gamawa kafin a shanye kwalba ɗaya ba ne. Waƙa za ta taso da tafiyar tsohuwa, ta koma gudun ɓarawo, ta tsaya cak, ka ɗauka an gama, sai ta ɓullo ta wata hanya. Faifai ɗaya tak suka fitar. A cikinsa akwai "Jirgin Safe", a tsakiyar waƙar kuma akwai wani wuri da jita ke kuka ita kaɗai. Rabin rayuwata na yi ina tuƙa babbar mota zuwa Dar es Salaam, na ga ƙartin direbobi sun tsaya da loma a hannu saboda wurin nan.

Shi kuwa Dalitso yana da shirin tsofaffin faifai a rediyo duk Asabar da rana. Son faifan Lameck ne ma ya fara kawo shi gidan. Ya zo neman hira da uba, ya iske 'ya tana shanya, hirar ta canza hanya.

To Asabar ɗin nan, shiri na dab da ƙarewa, wani ya bugo waya, ya fara da "Ba", kalmar girmamawa a wajenmu.

"Ba Jere, amsa ɗaya nake so, e ko a'a. Lameck Kapembwa yana cikin manyan makaɗan jita na ƙasar nan?"

Duk gari na jin numfashin yaron.

"A'a," ya ce. "Amma..."

Sai kiɗan labarai ya shigo ya haɗiye sauran.

Yanzu ga ni a ƙofa da kwanuka, ga Ba Ngosa, ƙanwar Lameck, ta leƙo ta taga tana zuba fetur.

"Dama na faɗa! Mai aikin surutu a rediyo wace irin kunya gare shi? Ga Kangwa nan, yaro mai shagon kayan mota, mai ladabi, ko sunan yayana ba ya iya kira sai ya ce sarkin jita na duniya."

Lubuto ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Kangwa ne ya bugo wayar, Shikulu. Hanci ya toshe, amma na gane shi. Ya san Dalitso ba ya iya ƙarya, kuma ya jira sai da lokaci ya ƙure."

Ta kama hannun rigata.

"Kada ka mayar da su yau. Ka ba ni zuwa Lahadi... don darajar Mayo, mahaifiyata da ke kabari."

Na dubi yarinyar nan da na sha goyawa a kafaɗa. Tsohon direba ai ya san yadda mota ke lalacewa a hanya in ba ya son isa da wuri. Na wuce gidana, na tura kwanukan ƙarƙashin gado.

Washegari ni da Lubuto muka iske Dalitso a wata rumfar abinci a kasuwar Chisokone, ga nshima, tuwon masara, da kifi a gabansa sun huce, bai taɓa ba. Yana ganinta ya miƙe.

"Lubu..."

"Kada ka kira ni Lubu!"

"Hasken idona, ki saurare ni."

"Na saurare ka. Duk Kitwe ta saurare ka! Harafi ɗaya, Dalitso. E! Me zai rage ka da shi?"

"Ba zan iya ba."

"Ubana ne fa!"

"Na sani. Kuma babu wanda ya kai ni son waƙoƙinsa. Faifan nan tun ina makaranta nake kwana da shi."

"To me ya sa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Akwai dalili."

"Faɗa mini."

"In na faɗa, zai fi wannan ciwo. Gara a ce ni ne mara kunya."

Ta zauna a benci. Hawaye suka gangaro.

"Tun ban shiga gidanka ba ka fara ɓoye mini abu..."

"Lubu, na rantse miki, don ke nake ɓoyewa."

Mai rumfar ta daina juya tukunya tana kallonmu. Na ga in na bar su, kasuwa za ta samu labarin mako. Na ja kwanon kifin gabana, tunda ba mai ci.

"Kai yaro, ɗan ina ne kai?"

"Chipata, Shikulu. Ai ka sani."

"Ɗan ƙabilar Ngoni ke nan, mai cin ɓeraye. Lameck fa?"

"Ɗan Bemba."

"Mai cin biri. To me kuke kuka a kai? Tun kakanni, abin da ɗan Ngoni ya faɗa wa ɗan Bemba wasa ne, ko a gaban gawa ya faɗa. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Ranar Lahadi in kai ka, ka durƙusa ka ce abokin wasanka ka tsokana. Dole ya yi dariya, ko haƙora na ciwo."

Fuskar Lubuto ta washe.

"Shikulu! Allah ya ja kwananka!"

Dalitso bai yi murna ba.

"Amma ba wasa na yi ba."

"Wa ya tambaye ka?" na ce. "Ni na yi shekaru ina gaya wa 'yan sandan kan iyaka cewa na yi kewarsu."

Ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Masoyina... sau ɗaya kawai. Don ni."

Ya daɗe yana kallonta.

"Don ke zan faɗa," ya ce a hankali. "Ba zan iya rasa ki ba, Lubu."

Lahadi bayan an taso coci na sa kwat ɗina, na ɗauko kwanuka, na tasa yaron a gaba. Ba a kai saurayi gaban uban yarinya kafin a buɗe kwano, na sani, amma wanda motarsa ta kafe ba ya zaɓen inda zai sa ƙafa.

Lameck na zaune a falo ƙarƙashin tsohuwar jitarsa da ke rataye a bango. Ba Ngosa na ɓarar gyaɗa. Kangwa kuwa ya riga mu, ya harɗe a kujera, takalminsa na ƙyalli, yana ba da labarin yadda wani Bature ya ce masa ko a Landan ba a yi kamar Ba Kapembwa ba.

Dalitso ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya tafa hannu a hankali ya yi gaisuwa. Ba a amsa ba.

Na gyara murya na zuba jawabina. Na kawo kakanni, na kawo yaƙin da aka yi aka gaji aka koma wasa, na kawo ɓera, na kawo biri. Lameck ya bar ni har na ƙare.

"Mpundu, wannan dabarar warin man dizal take yi."

Ya juya ga yaron.

"Kai nake tambaya. In ka ce wasa ne, al'ada ta ɗaure ni. Zan yi dariya, in kwance ƙullin nan yanzu a gabanka. Wasa ka yi?"

Lubuto na durƙushe a ƙofar kicin da tiren kunun munkoyo. Na ga gumi ya tsatso a goshin Dalitso. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dube ta. Ya sake buɗewa.

"Ba Kapembwa, ni dai..."

"Ba wasa ba ne, Tata."

Kowa ya juya.

Ta ajiye tiren a ƙasa.

"Ba wasa ya yi ba. Ni na roƙe shi ya ce wasa ne, ni da Shikulu."

Na duba rufin ɗaki, na ga yana buƙatar fenti.

"Lubu!" Dalitso ya ce.

"Yi shiru, masoyina. Na ga fuskarka yanzu. In ka faɗi wannan ƙaryar, duk ranar da ka haɗu da Tata sai ka sunkuyar da kai, kuma ni na jawo." Ta juya ga ubanta. "Tata, mutumin da ya ƙi yi maka ƙarya a gaban duk gari, ni ma ba zai yi mini a cikin ɗaki ba. Shi nake so. In ka mayar da kwanukan, na haƙura... amma ba zan auri mai toshe hanci ba."

Kangwa ya yi tari.

Lameck ya miƙe, ya buɗe kabad, ya zaro faifan daga jakarsa da ta tsufa ta yi laushi, ya ɗora a kan garmaho.

"Ka ce a'a, ka ce amma. Labarai sun cinye sauran. Yau za ka ƙarasa."

"Ba Kapembwa, a bar mu mu biyu."

"A gaban gari ka fara, a gaban mutane za ka gama."

Ya sa allura. "Jirgin Safe" ta taso da tafiyarta ta tsohuwa, ganga ta shigo, muryar Lameck ta samartaka ta cika falon. Muka zauna kamar a coci. Da aka kusa tsakiya, ya ɗaga yatsa.

"Ni ka zage ni, ban damu ba. An zage ni a filin wasa, an jefe ni da kwalba a Mufulira. Amma wannan wurin..." ya nuna faifan. "Ka dube ni ka ce wanda ya kaɗa wannan ba gwani ba ne!"

Jitar ta fara kukanta.

Dalitso ya rufe ido har ta kai ƙarshe.

"Ban taɓa jin kamarsa ba," ya ce. "Wanda ya kaɗa wannan, in ana lissafin manya, da shi za a fara."

"To?"

"Amma ba kai ba ne."

Kwanon gyaɗa ya faɗi daga cinyar Ba Ngosa. Lubuto ta dafe ƙirji. Kangwa ya zabura ya miƙe.

"Kun ji ko! Ɓarawo ya kira shi! A cikin gidansa! Ba Kapembwa, ka ba ni izini in fitar da..."

"Zauna."

"Amma sarkin jita na..."

"Na ce zauna!"

Lameck ya ɗage allurar. Ya jawo kujera har gaban yaron, ya zauna, gwiwa kusa da gwiwa.

"Wa ya gaya maka?"

"Babu kowa."

"Yaya aka yi ka sani?"

"Hannunka na san shi, Ba Kapembwa. Nauyi gare shi, kana dukan tsirkiya kamar mai sara a ramin tagulla, ba ka latti, ba ka gaggawa. Kai ne ke ƙasa kana riƙe da waƙar har ƙarshe. Wanda ya shigo a sama bahago ne. Ya juya jitar ba tare da ya sauya tsirkiyoyi ba, shi ya sa kukan ke gangarowa inda na kowa ke hawa."

"Ci gaba."

"Kuma ɗan gidanmu ne."

"Me ka ce?"

"Karin da ya bi, na waƙar da matanmu ke yi ne in za su raka amarya ta bar gidan ubanta. Kakata ta yi wa yayata ita a ƙauye. Ya ɓoye ta sosai, ya ja ta, ya lanƙwasa, amma ita ce. Ɗan Bemba ba zai bi ta wannan kwanar ba, ko an biya shi."



Sai na ga abin da ban taɓa gani ba, ko ranar da muka binne matarsa. Lameck Kapembwa ya sa fuska cikin tafin hannu ya fashe da kuka, kafaɗunsa na girgiza.

"Tata!" Lubuto ta rarrafo ta riƙe ƙafarsa. "Tata, ka yi haƙuri... Dalitso, me ka yi?"

Ya ɗago, hawaye har gemu, amma dariya yake.

"Aggrey," ya ce. "Sunansa Aggrey Shawa."

Ya maimaita sunan, kamar mai ɗanɗana abincin da ya daɗe bai ci ba.

"Tare muka yi aiki a rami. Bahago, siriri, kunnuwa kamar faranti. Ubansa dattijon coci ne, irin cocin da ke cewa jita sandar Shaiɗan ce. Da ya ji ɗansa na taɓa ta, da ya tsine masa. Shi ya sa bai taɓa hawa dandamali da mu ba. A bayan gidan wanka na ma'aikata muke haɗuwa, in kawo waƙa, ya saurara, ya ce, 'Lameck, kanka na zinariya ne, amma yatsunka rogo ne. Kai ka tsara, ni in kaɗa.' Kullum sai ya faɗa. Kullum!"

Ya share ido da bayan hannu.

"Ranar ɗaukar faifai ya ce wa gidansu zai je Ndola jana'iza. Ya shigo, ya kaɗa sau ɗaya, ya ajiye jita. Na ce sai an sa sunansa. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Na ce har yaushe? Ya ce, 'Har ranar da wani ya ji da kunnensa ya tambaye ka. Kada ka damu, a cikinku masu cin biri babu mai kunne.'"

Ba Ngosa ta sa gefen zani a ido.

"Ciwo ya ɗauke shi shekarun da ya ɗauke rabin makaɗan ƙasar nan. Ni abokin wasansa ne, ni na yi masa wanka, ni na tsaya a bakin kabari ina zaginsa don danginsa su yi dariya. Ban samu na yi kuka ba. Tun daga nan duk wanda ya tare ni sai ya ce, Ba Kapembwa, wurin nan na Jirgin Safe! In ce na gode. Kayan wani nake ɗauke da shi a ka, an hana ni saukewa."

Lubuto ta ɗago a hankali.

"Shi ya sa... Tata, shi ya sa duk lokacin da kake kaɗa ta a baranda, in ka zo wurin sai ka ajiye jita ka ce shayi ya huce?"

"Shi ya sa, 'yata."

"To fushin na mene ne?" na tambaya, don ni ban iya barin magana a rabi.

"Na ɗauka Aggrey ya raina. Duniya ta san kiɗan nawa ne, yaro ya ce mai kiɗan ba gwani ba ne. Me kake so in ji?"

Ya juya ga Kangwa, wanda ke laluben makullin motarsa.

"Kai kuma, gobe in za ka bugo rediyo, ka toshe bakin gaba ɗaya, hanci bai isa ba. Gaida mahaifinka."

Kangwa ya fita, ko munkoyo bai sha ba.

Lameck ya dubi Dalitso sama da ƙasa.

"To, malam mai kunne. Ni a ina ka ajiye ni?"

Yaron ya saci kallon Lubuto, ta gyaɗa masa kai.

"A kaɗa jita, akwai mutane da dama a gabanka."

"Da dama?"

"Da... ɗan dama. Amma a tsara waƙa, ban ga ƙeyar kowa a gabanka ba. Masu saurin yatsa suna da yawa, Ba Kapembwa. Ba wanda ya gina ɗakin da Ba Shawa zai shiga ya yi wannan kukan sai kai. Abin da na so in faɗa ke nan, labarai suka shigo."

"Ɗan dama," Lameck ya maimaita. "Aggrey ma bai ba ni haka ba."

Ya miƙe ya shiga kicin. Muka ji ana buɗe buhu. Ya fito da garin masara cike da hannu biyu, kafin kowa ya ankara ya juye shi a kan Dalitso, tun daga gashi har kwat, kamar yadda abokan wasa ke yi wa juna.

"Tata!" Lubuto ta yi ihu, dariya da kuka sun haɗe mata.

"Bar ni! Da zarar na kwance ƙullin can ya zama suruki, sai kunya, sai gaisuwa daga nesa, ba ni da bakin zaginsa har abada. Yanzu kuwa abokin wasana ne, kuma na daɗe ban samu ɗan Ngoni a falon nan ba." Ya nuna shi da yatsa fari fat. "Mai cin ɓeraye! Da wutsiya kuke haɗiyewa ko kuna ajiye ta don sakace?"

Dalitso ya tofar da gari, ya dube ni. Na ɗaga masa gira.

"Muna ajiye wa baƙi ne... musamman masu yatsun rogo."

Lameck ya yi wata irin dariya har sai da ya dafa bango. Ya zagi yaron, ya zagi Chipata, ya zagi kekunan Chipata, yaron na ramawa da ladabi, har Ba Ngosa ta manta tana fushi ta sa baki. Sai da ya gaji don kansa, sannan ya zauna, ya goge hannu a wando.

"Mpundu, miƙo kwanukan."

Na durƙusa na miƙa. Ya kwance ƙullin a hankali, ya buɗe. Bai ko duba abin da ke ciki ba, Dalitso yake kallo.

"Na gode, ɗana," ya ce. "Ka sauke mini kaya."

Ba Ngosa ce ta fara rangaɗa guɗa, ita da ta fi kowa ƙi.

A bakin famfon tsakar gida na hango su, Lubuto na kakkaɓe masa gari daga gashi.

"Kin kusa kashe ni yau, Lubu."

"Kai ka fara."

"Da ya kore ni fa?"

"Da na bi ka Chipata na koyi cin ɓera."

"Da gaske?"

"Allah ya kiyaye! Sunkuyo, akwai saura a kunnenka... kunnen nan da ya kusa raba mu."

"Shi ya haɗa mu, hasken idona."

Na juya baya, don ni mai shiga tsakani ne, ba mai gadi ba.

Asabar ta gaba Lameck ya kunna rediyonsa. Da izininsa Dalitso ya sa "Jirgin Safe" daga farko har ƙarshe, ya kira sunan Aggrey Shawa a fili. Kafin shirin ya ƙare wata mata ta bugo daga Luanshya tana kuka, ta ce ƙanwarsa ce, ba su taɓa sani ba. Lameck ya sa aka nemo ta, ya ce kujerarta na gaba ranar biki.

An yi bikin bayan damina. Dangin ango suka zo daga Chipata cike da mota, har da kakarsa, tsohuwa 'yar ƙarama mai sanda. Da aka ci aka sha, lokacin tafiyar amarya ya yi, sai Lameck ya sauko da jitarsa daga bango.

Ya fara "Jirgin Safe" da hannun nan nasa mai nauyi. Muryar ta tsufa, amma ba ta ɓata hanya ba. Lubuto na tsaye cikin farar riga, ta ƙanƙame hannun mijinta. Ni da ita mun san inda ake dosa. Na ga leɓenta na motsi, tana jiran ya ajiye jita ya ce shayi ya huce.

Ya iso wurin.

Bai ajiye ba.

Ya ci gaba da riƙe kiɗan ƙasa, shi kaɗai, ya bar saman a buɗe, kamar wanda ya buɗe ƙofa ya koma gefe.

Kakar Dalitso ta karkata kai. Ta saurara. Sai ta buga sandarta a ƙasa, ta ɗaga siririyar muryarta ta shiga daidai inda jitar Aggrey ke shiga. Ƙanwar Aggrey ta miƙe ta amsa. Matan Chipata suka ɗauka gaba ɗaya, suka kewaye amarya suna tafi, suka fara takawa da ita zuwa ƙofa.

Lubuto ta waiwayo, fuska jiƙe sharkaf.

"Tata... na gode!"

Hannunsa na aiki. Ya dai gyaɗa mata kai, ya ci gaba da kaɗawa har suka fice da ita.

Da tsakar gida ta rage sai mu tsofaffi, na kawo masa shayi. Ya karɓa, ya kurɓa, ya dubi sama.

"Ka ji, mai kunnen faranti? An samu mai kunne." Ya yi murmushi. "Amma ka ci gari, ja'iri. Sai da aka ɗauko shi daga garinku."